Ƙungiyoyin Asirin 'Yan Jami'a: A Maƙwabtan Sabo Aka Haife Su

Duk wanda ya san birnin Ibadan, watau Badun a bakin Hausawa, ya san Sabo. Unguwa ce da ke jikin Mokola, wadda aka yanka wa Hausawa a cikin 1916, ta yi suna da fataucin goro da shanu tun zamanin Turawa, yau kuma an fi saninta da 'yan canji da masu tsire. In mutum ya tashi daga shataletalen Mokola ya kama hanyar Oyo, ya wuce Sango inda hanyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta rabu, ba da jimawa ba sai ga shi a ƙofar Jami'ar Badun, uwar jami'o'in Nijeriya.

Shekaru masu yawa waɗannan wurare biyu sun zauna kusa da juna kamar ba su san juna ba, Sabo tana fama da allo da ciniki, jami'a tana fama da boko. Yanzu kuwa zamani ya sake. Jikokin fataken da suka kafa unguwar, waɗanda Yarbanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa, suna neman gurbi a jami'a da kwaleji kamar 'ya'yan kowa. Saboda haka wata magana da a dā iyaye a Sabo ke jinta daga nesa, suna ɗauka ta mutanen gari ce kaɗai, yau ta iso zaurensu. Maganar ita ce ta ƙungiyoyin asirin ɗalibai, da tambayar da ake ta yi a kansu: shin akwai sauran wurin zama ga irin waɗannan ƙungiyoyi a makarantun gaba da sakandare?

WASAN SAMARI BAKWAI

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan maƙwabtan Sabo aka haifi abin. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a cikin 1948 da ɗalibai 104, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ɗaliban farko sun ɗauki kansu a matsayin magadan Turawa, suna ƙure adaka da kwat da laƙataye, suna tauna Ingilishi ta hanci, kuma ƙungiyoyinsu da dama na ƙabila ne. A cikin 1952 sai waɗansu samari bakwai suka ga abin ya ishe su, suka kafa tasu ƙungiya suka raɗa mata suna Pyrates, watau 'yan fashin teku. Fitacce a cikinsu shi ne Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a cikin 1986. Akwai kuma Ralph Opara, wanda ya yi suna a aikin rediyo, da Muyiwa Awe, wanda ya zama shehun malami a fannin kimiyyar fiziya a jami'ar, ya kuma juya wa ƙungiyar baya daga bisani.

Manufarsu, yadda suka bayyana ta, ita ce su yaƙi ƙabilanci da girman kai da kwaikwayon Turawa. Suka ɗauki ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye ya zama tambarinsu, suka laƙaba wa juna sunayen 'yan fashin teku irin na cikin littattafan hira na Ingilishi, suna ɗaura jan ƙyalle a ka don su tsokani masu laƙataye. Ba su da bindiga, ba su da gatari, ba kuma kowa suke ɗauka ba sai wanda karatunsa ya yi kyau. Gaskiyar magana ke nan, kuma ya kamata a faɗe ta, domin har gobe tsofaffin 'yan ƙungiyar suna jin zafin a haɗa su da masu sare-sare.

Amma fa akwai wani abu da ya kamata a faɗa tare da ita. Samarin nan sun bar gado guda uku, watau sunan ɓoye, da zaɓen wanda za a shigar da wanda za a bari a waje, da al'adar shigarwa wadda bare ba ya gani. A hannun yara bakwai masu wasa da hankali, abin raha ne. Ga wanda aka hana shi shiga kuwa, ko aka kore shi, darasi ne na yadda zai kafa tasa.

Haka kuwa aka yi. A cikin 1965 aka kafa Eiye, watau tsuntsu da Yarbanci, a wannan jami'a. A cikin 1972 Bolaji Carew da waɗansu suka rabu da Pyrates suka kafa Buccaneers. A cikin 1977 aka kafa Neo Black Movement a Jami'ar Benin, da sunan goyon bayan baƙar fata da yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, daga cikinta ne kuma sunan Black Axe, watau Baƙin Gatari, ya fito, ko da yake shugabanninta suna musun cewa su da 'yan Gatari abu ɗaya ne. A farkon shekarun 1980 Vikings ta ɓulla a Jami'ar Fatakwal. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, aka ji sunaye irin su Black Bra da Daughters of Jezebel. Kowace ta zo da launinta da waƙoƙinta da gaisuwarta, kowace kuma ta zo da abokan gabarta.

Da uwar ƙungiyoyin ta ga inda aka dosa, sai ta yi rajista da gwamnati a cikin 1980 da sunan National Association of Seadogs, a cikin 1984 kuma ta ba da sanarwar cewa ta janye daga makarantu ɗungum, ba ta ƙara ɗaukar ɗalibi. Dattawan sun wanke hannunsu sun fita. Abin da suka bari a baya bai bi su ya fita ba.

YADDA GATARI YA SHIGO

Ba a rasa dalilin da ya sa wasa ya zama yaƙi a daidai waɗannan shekaru ba. Gwamnatocin soja ba su taɓa shiri da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibai ba, wadda ita ce ke taro a fili, ta yi zaɓe a fili. A wannan jami'a ta Badun 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju ran 1 ga Fabrairu 1971. A cikin 1978, bayan boren da aka yi wa Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A watan Mayu 1986 aka kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka sake bin ƙungiyoyin ɗalibai da takunkumi. Duk sa'ad da aka rufe ƙofar da ke buɗe, masu taron dare ba abin da ya same su, don ba su da ofis balle a garƙame shi. Masu bincike da yawa sun rubuta cewa a waɗansu makarantu ma hukuma ce da kanta ta riƙa amfani da 'yan asiri don ta karya lagon shugabannin ɗalibai masu tsaurin kai.

Daɗin daɗawa, talaucin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sami jami'o'i sun cika sun batse. An daina ciyar da ɗalibai, ɗakin kwanan mutum biyu ya koma na takwas, malamai suka yi ta ƙaura zuwa ƙasashen waje. Yaron da ya baro gidan ubansa karo na farko ya tarar ba mai tambayarsa ko ya ci abinci, sai wani ɗan aji uku mai fara'a wanda ya saya masa lemo, ya ce akwai 'yan'uwa da za su tsaya masa.

Sauran labarin an sha jinsa daga bakin waɗanda suka tuba. A kai yaro daji da tsakar dare, a ɗaure masa ido, a yi masa dukan kawo wuƙa wai ana gwada jarumtakarsa, a tsaga jikinsa, a ba shi wani haɗi ya sha, ya yi rantsuwa. Waɗansu a wurin suke cikawa. Wanda ya rayu, daga ranar akwai kuɗin ƙungiya a wuyansa, akwai aike wanda ba shi da ikon ƙi, kuma abokan gabar da bai taɓa gani ba sun zama nasa. Ya shiga neman tsari, ya zama shi ake farauta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Fita kuwa ita ce mai wuyar, gama wanda ya san asiri ba a sakinsa da daɗin rai.

Ranar da ƙasa duka ta farka ita ce 10 ga Yuli 1999. Da asuba waɗansu mutane masu rufe da fuska, ɗauke da bindigogi da gatura, suka faɗa ɗakunan kwanan Awolowo a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, suka kashe ɗalibai 5. A cikinsu har da George Iwilade, wanda ake yi wa laƙabi da Afrika, babban sakataren ƙungiyar ɗalibai. 'Yan watanni kafin nan shi da abokansa sun kama waɗansu da ake zargin 'yan Gatari ne, da makamai, suka miƙa su ga 'yan sanda, amma ba a daɗe ba aka gan su sun dawo makaranta. Bayan kisan, gwamnatin Shugaba Obasanjo ta dakatar da shugaban jami'ar, ta kafa kwamitin bincike, ta ba shugabannin jami'o'i wa'adi su kawar da ƙungiyoyin asiri. Aka yi ta bukukuwan tuba a gaban 'yan jarida. Waɗanda aka gurfanar kan kisan kuwa, kotu ta sallame su.

Doka dai ba ita aka rasa ba. Tun 1989 Dokar Soja mai lamba 47 ta tanadi ɗaurin shekara 5 ko tarar Naira 50,000. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 38, ya ce 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba, ya kuma hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takara. Jihar Ribas ta yi tata doka a cikin 2004, Jihar Legas ta yi wata a cikin 2021 mai ɗaurin shekara 21. Duk da haka abin sai ya tsallake katangar makaranta ya shiga gari. A Fatakwal aka sami rassa na kan titi irin su Deebam da Deewell, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda 'yan siyasa suka ba irinsu kuɗi da makamai a zaɓen 2003. A Shagamu, garin goro wanda Hausawa suka sani kamar tafin hannunsu, faɗan Eiye da 'yan Gatari ya ci rayuka da dama a watan Satumba 2023. Yau akwai makanikai da 'yan acaɓa da yaran sakandare a ciki, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Kada kuma mutumin Arewa ya yi dariya: wanda ya san 'yan daba a Kano, da sara-suka a Bauchi, da Kalare a Gombe, ya san yadda ɗan siyasa ke sayen ƙarfin matasa da araha.

A ƙasar Amurka ma, inda irin waɗannan ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai suka fi kafuwa, ana wannan muhawara. Can sun faro tun 1776 da Phi Beta Kappa a Kwalejin William da Mary, ana sa musu suna da haruffan Girkanci, akwai na maza akwai na mata, suna da gidaje da rajista da hedkwata. Dokta Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duka sun shiga ɗaya daga cikin na baƙar fata, Phi Beta Sigma. Amma azabtar da sabon shiga bai bar su ba. A watan Fabrairu 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19, Timothy Piazza, ya mutu a Jami'ar Jihar Pennsylvania bayan an ɗirka masa barasa a daren shigarwa, ya faɗo daga matakala, 'yan'uwan nasa suka bar shi kwance har gari ya waye kafin su nemi taimako. A watan Disamba 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. Abin lura shi ne yadda makarantun da suka kori ƙungiyoyin suka yi. Kwalejin Williams, da ta yanke shawara a cikin 1962, ta ɗauki nauyin kwana da abincin ɗalibai a wuyanta. Kwalejin Bowdoin, a cikin 1997, ta maye gurbinsu da gidajen ɗalibai waɗanda ita ke kula da su. Watau sun gane cewa ƙungiyar tana biyan wata bukata, suka biya ta da kansu.

ABIN DA SABO TA SANI

A nan ne tarihin Sabo yake da abin cewa, domin ba wanda ya kai mutanenta sanin abin da baƙo ke bukata a garin da ba nasa ba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da su a cikin 1962 da 1963, lokacin unguwar tana da mutum dubu huɗu da 'yan kai, ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a cikin 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne maigida.

Falke ya taso daga Arewa da garken shanu, bai san kowa a Badun ba, ba ya jin Yarbanci. Ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillalinsa, a kai shanu kara a sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Ta wajen goro ma haka: attajiri yana Kano ya aiko da kuɗi masu yawa, maigida ya sa yaransa su shiga ƙauyuka su sayo, a ɗaura huhu a loda. Maigida yana da yara, yana yi musu aure, yana fitar da su in sun shiga hannun hukuma, su kuma suna yi masa biyayya. In rigima ta taso tsakanin masu gida biyu, a tafi gaban Sarkin Hausawa.

Mai karatu zai ga cewa duk abin da ɗan asiri ke yi wa sabon ɗalibi alkawari yana cikin wannan tsari: masauki, da kariya, da hanyar samu, da mutanen da za su kira ka nasu. Ba kuma tsari ne na mala'iku ba, don Cohen bai ɓoye yadda aka yi amfani da shi wajen hana waɗansu shiga cinikin ba, da yadda masu gida ke gasa da juna. Amma akwai bambanci guda wanda shi ne komai. Maigida yana zaune a ƙofar gidansa da rana tsaka, kowa ya san sunansa da na ubansa. Jarinsa shi ne mutuncinsa. Ranar da ya cuci baƙo, labari zai riga shi isa Kano, kasuwarsa ta mutu. Baƙon da bai ji daɗinsa ba, baɗi sai ya sauka a wani gida, ba mai binsa da gatari. Shugaban ƙungiyar asiri kuwa sunan ɓoye gare shi, ba ya biyan hasarar kowa, kuma ƙarfinsa duka ya dogara ne a kan cewa wanda ya shiga ba ya fita.

In aka auna da wannan ma'auni, amsar tambayar ba ta da wuya. Ƙungiyar da ke ɓoye sunayen shugabanninta, ta shigar da mutum da duka da rantsuwa, ta hana shi fita, ba ta da wurin zama a makaranta, ko da wace kyakkyawar manufa aka kafa ta. Hujjar da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin ke kawowa, cewa suna gina rijiyoyi suna kai magani asibiti, ba ta shafi maganar ba, gama wannan aiki ne na manya masu rajista, kuma ba ya bukatar daji da tsakar dare. Su kansu Pyrates sun yanke wannan hukunci tun 1984.

Sai dai korar asiri ba ta nufin korar zumunci, kuma a nan ne hukumomin makarantu suka sha yin kuskure. A wannan jami'a ta Badun akwai Sigma Club tun 1950, wadda ta girmi Pyrates, tana zaɓen 'ya'yanta ita ma, amma a fili take sha'aninta. Akwai Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, da aka kafa a Ikko a cikin 1954, da takwarorinta na Kirista, da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi da na garuruwa. Duka waɗannan suna da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, da malami mai ba su shawara, da shugaban da za a kira in an yi ɓarna. Su ne masu gidan sabon ɗalibi. Amma da zarar ɗalibai sun yi zanga-zanga, hukuma ba ta huce haushinta a kan kowa sai masu taron fili. A watan Mayu 2017 Jami'ar Badun ta dakatar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibanta bayan wani bore, ba a maido da ita ba sai a cikin 2019. Shekara biyu ke nan ɗalibi ba shi da zaɓaɓɓen wakilin da zai kai wa kuka.

Ɗan Sabo yana da nasa rauni na musamman a cikin wannan hali. A Badun aka haife shi, aka haifi ubansa, amma in aka zo maganar takardar shaidar asalin jiha sai a nuna masa Arewa, a Arewa kuma a kira shi ɗan Kurmi. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya tsakanin Hausawa da Yarbawa, ya tuna wa kowa cewa zaman yana iya gurɓacewa cikin yini guda. Yaron da ya taso da wannan a ransa, in wani ya ce masa ga ƙungiyar da ba ta tambayar ƙabila, wadda za ta tsaya masa ko a gaban wa, maganar za ta shige shi. Abin takaici, wannan ita ce ainihin maganar da samarin nan bakwai suka fara da ita.

Jami'o'i suna sa sabon ɗalibi ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai shiga ƙungiyar asiri ba, suna kafa manyan alluna a bakin ƙofa, 'yan sanda kuma suna gargaɗi duk shekara in ranar 7 ga Yuli ta gabato, ranar bikin 'yan Gatari, da 8 ga Agusta, ta 'yan Eiye. Amma ɗakunan kwana ba su isa ba, saboda haka ɗimbin ɗaliban jami'ar suna haya a Agbowo, tsallaken titi, na kwalejin kuma a Apete da Sango, inda ikon shugaban makaranta bai kai ba. Mai gidan haya a can kuɗin shekara yake karɓa ya ba da mabuɗi. Ba ya tambayar yaro ɗan wane ne, ba ya sanin wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da ƙarfe biyun dare.